Ranar da Sturla ya Wanke Kaskon Surukarsa

A garinmu na bakin teku, can ƙasar sanyi, in ka ji dariya ta ɓarke a kwamin ruwan zafi na wurin wanka da safe, ba sai ka leƙa ba, Sturla ne ke ba da labarin kansa. Shekara talatin ya yi a jirgin kamun kifi, kuma in ka biye wa bakinsa, shi ya tuƙa jirgin, shi ya gyara injin, shi ya ciyar da ƙarti ashirin a tsakiyar guguwa da hannu ɗaya. Waɗanda suka yi aiki da shi kuwa sun ce sau ɗaya tak aka taɓa barinsa ya shiga kicin, kuma ranar kowa busasshen kifi ya ci.

To, ran wata Laraba a ƙarshen Janairu, yana jiƙe cikin ruwa har wuya, tururi na tashi daga sanƙonsa, sai maƙwabcinsa Ketill mai tumaki ya tsokano shi.

"Gobe fa, bayan wata biyu ba mu gan ta ba, rana za ta haura dutse ta taɓa layinmu. Ga matarka Oddný ta zame a kan ƙanƙara ta karya hannu. Wa zai soya muku wainar tarbar rana?"

"Wa kuwa? Ga ni zaune."

"Kai?"

"Ni ɗin dai. Ponnukokur, 'yar wainar nan tamu mai faɗi, wani abu ce? Fulawa ce da ƙwai da madara. Mata ne kawai suka mayar da abin kamar aikin likita don kada mu gane. Gobe zan soya muku ɗari, kowace ɗaya in ka ɗaga ta sai ka karanta jarida ta cikinta. Duk wanda ke cikin ruwan nan na gayyace shi, ya zo da matarsa."

Mutum tara ne a cikin ruwan. Babu wanda ya ce ba zai zo ba, don kowa ya san za a sha kallo.

Abin da Sturla bai tsaya ya auna ba shi ne wainar bana ba ta wasa ba ce. Surukarsa Hallbera, tsohuwa mai shekara tamanin da shida, ta ce hannunta ya gaji, za ta bayar da kaskonta. Kaskon nan kuwa uwarta ce ta ba ta ranar aurenta, shekara sittin da huɗu ke nan, kuma tun daga ranar ruwa bai taɓa shi ba, balle sabulu. In an gama suya a goge shi da takarda a rataye, shi ke nan. Ya yi baƙi ƙirin, ya yi santsi, waina na zamewa a kansa ba a taɓa ta ba. 'Ya'yanta mata biyu ne. Babbar, Bergljót, gidanta na can saman gangare inda rana ke riga isa da kwana shida, ta riga ta yi tata suyar da kaskon, tsohuwa ta ci uku ta ce, "Ba laifi." Yanzu an sauko da shi gidan ƙaramar, Oddný matar Sturla. Gidan da wainarsa ta fi, can kasko zai zauna.

Washegari Oddný ta sa rigar sanyi da ƙyar, hannun dama a naɗe cikin filasta. Za su je garin da ke bayan dutse ita da yayarta su ɗauko tsohuwa daga gidan tsofaffi.

"Sturla, ka ji ni da kyau. Ka auna fulawa, ka fito da ƙwai su huce. Iyakar aikinka ke nan. Ƙarfe sha biyu zan dawo, in zauna kusa da kai, ina faɗa kana yi."

"Haba Oddný, ni za a koya wa..."

"Kada ka taɓa kaskon." Ta tsaya a bakin ƙofa, muryarta ta sauko. "Yaya ta samu agogon Baba, ta samu kujerar nan mai lilo, ban ce komai ba. Wannan kaɗai nake so. A kansa Mama ta soya min waina duk ranar da na dawo makaranta ina kuka. In ya tafi gidan Yaya, wallahi zai daɗe yana ci min rai."

"Ki kwantar da hankalinki. Kasko ya zo gida."

Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba ya sauko da shi daga ƙusa. Ya kai shi ƙarƙashin fitila, ya juya, ya kankara da farce, ya yamutsa fuska.

"Tir! Wannan ƙazantar suke faɗa a kai? Shekara sittin ba wanda ya yi tunanin wanke shi. Da a jirgi ne da tuni an kori mai dafa abinci."

Nan take dabara ta faɗo masa. Zai wanke shi tas, ya soya ɗari kafin su dawo, tsohuwa ta shigo ta ga kaskonta ya koma sabo, ta rungume shi tana hawaye. Har ya fara tsara yadda zai ba da labarin a ruwan zafi.

Sabulu bai yi komai ba. Soson ƙarfe ya ci minti ashirin, abin da ya samu ɗan tabo ne fari kamar ƙwayar wake. Da wani ne, da ya tsaya nan ya yi tunani. Sturla kuwa sai ya ɗauki kasko ya nufi gareji, ya ɗaure shi a kan teburin aiki, ya jona injin da yake kankare tsatsar kwalekwale. Wiiii! Baƙar ƙura ta tashi ta rufe masa gira. Cikin kwata ɗaya aikin shekara sittin da huɗu ya koma ƙasan gareji, kasko ya fito fari fat yana ƙyalli. Sturla ya leƙa ya ga haƙoransa a ciki, ya yi wa kansa murmushi.

Ya dawo kicin ya kwaɓa ƙullu, ya narkar da man shanu ya zuba, ya ɗiga ɗan kofi mai sanyi kamar yadda ya ga ana yi. Ya ɗora kasko a wuta, ya zuba ludayi guda, ya murza hannu irin na gwanaye. Da ya sa wuƙar juyawa, waina ta ce ba inda za ta. Ya tura ta gefe, ta yage. Ya tura ta tsakiya, ta dunƙule. Ya kankare ya zuba ta biyu, ita ma ta kama ƙarfe ta riƙe gam.

"Ƙullun ne ya yi ruwa."

Ya ƙara fulawa. Ta uku ta fito da kauri kamar tafin takalmi, kuma duk da haka rabinta ya zauna a kasko.

"Af, ya yi kauri."

Ya ƙara madara. Ya ƙara ƙwai. Ya sake ƙara fulawa don ƙwan ya yi yawa. Kwano ya cika ya juye a tukunya, tukunya ta cika ya juye a bokitin goge daɓe, bayan ya ɗauraye shi, a faɗarsa. Man shanun gidan kaf ya ƙare a kasko, hayaƙi ya turnuƙe, na'urar gobara da ke jikin rufi ta fara tsala ihu. Ya buɗe taga ya ɗauki tsintsiya yana dukan na'urar.

Ihun ne ya jawo Ketill daga garken tumakinsa. Ya shigo yana fifita hanci da hula.

"An fara karanta jaridar ne, ko tukuna?"

"Gwaji nake yi. Kowane gwani sai ya..."

Ketill bai ji sauran ba. Idonsa ya sauka a kan kasko. Ya matsa, ya duba, ya ja da baya har ya bugi firiji.

"Sturla. Wane kasko ne wannan?"

"Na Hallbera mana. Ka ga yadda ya fito? Har lambar maƙerin na gano a gindinsa."

"Ka wanke shi."

"Wanki kai! Inji na sa masa."

Ketill ya lalubi kujera ya zauna. "Wayyo Oddný. Kai, baƙin nan da ka kankare shi ne kaskon! Shi ke hana waina kamawa. Jikata mai shekara huɗu ta san wannan. Akwai jirgin da zai tashi zuwa Norway da yamma, in ka yi sauri za ka same shi."

Sturla ya ajiye ludayi. Ya dubi agogo, goma da rabi. Ya tuna muryar Oddný a bakin ƙofa, gumi ya keto masa duk da iskar da ke shigowa ta taga.

"Ara min na matarka."

"Na matata? Ka roƙe ta ni, za ta fi saurin bayarwa. Kuma Hallbera ko a duhu ta san mariƙin kaskonta."

Sturla ya yi zagaye biyu a kicin. Sai ya tsaya cak, fuskarsa ta washe, irin washewar da duk wanda ya san shi ke jin tsoro.

"Baƙi dai ake so, ko? Ɗakin bandarka a kunne yake?"

"Akwai cinyoyin rago shida a rataye. Me ya... a'a. A'a, Sturla."

"Abin da tsohuwa ta yi a shekara sittin, ni a awa ɗaya zan yi shi. Ilimi ne, Ketill, ba ka da shi ne kawai."

Ketill, kamar kowane mai tumaki na ƙwarai, da busasshen kashin tumaki yake banda namansa, kuma ba mai kushe naman. Amma nama daban, kasko daban. Sai da maiƙo hayaƙi zai kama, ga man shanu ya ƙare, don haka Sturla ya buɗe firiji ya ɗauko kwalbar man hantar kifi da suke shan cokali guda kowace safiya, ya shafe kasko ciki da waje. Ya kai shi ɗakin banda, ya rataye dab da wuta, ya ƙara kashin tumaki shebur uku, ya durƙusa yana hurawa. Ketill na tsaye a waje yana ta faɗin shi fa ba ruwansa, amma ko taku ɗaya bai matsa ba, don bai ga abin da zai sa ya rasa wannan kallo ba.

Sha ɗaya da rabi kasko ya fito baƙi ƙirin. Shi ma Sturla haka.

"Ka gani? Ko ita ba za ta bambance ba."

"Warin fa?"

"Wane wari? Ƙamshin tarihi ne."

Ya koma murhu. Da ya ga har yanzu tana ɗan kamawa, sai ya riƙa tsiyaya man kifi kafin kowane ludayi, waina ta riƙa iyo a ciki tana fitowa. Ba ɗari ba, talatin da ɗaya ya samu, masu kauri, masu launin toka. Ya barbaɗa wa rabi sukari ya naɗe, sauran ya lafta musu jam da kirim ya ninke gida huɗu, ya ƙara kirim a sama don rufin asiri. Ya tura bokiti ƙarƙashin tebur, ya wanke fuska, ya manta da kunnuwa.

Ƙanƙarar hanya ta tsayar da su Oddný, sai ƙarfe ɗaya saura suka iso, suka tarar da falo cike da mutanen ruwan zafi da matansu, kowa da kofin kofi a hannu. Oddný ta ga tire, ta ga mijinta da gyalen kicin a wuya.

"Me ka yi?"

"Na hutar da ke. Zauna kawai ki karɓi kasko."

Aka zaunar da Hallbera a kujerar da ke fuskantar taga. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗar kowa ba, amma ko limamin cocinmu in ta dube shi sai ya gyara wuyan riga. Ta ɗaga hanci ta shaƙa.

"Wani ya mutu a gidan nan ne?"

"Ketill ne ke banda, Mama," in ji Sturla da sauri. "Iska ce ta juyo."

Kafin ta ƙara magana wani ya ce, "Ga ta nan!" Kowa ya juya. Bakin rana ya leƙo ta tsagin dutse, haske ya zubo ta taga ya kwanta a kan tebur, karo na farko tun watan Nuwamba. Aka yi tafi, aka yi wa juna barka, matar Ketill har da share ƙwalla. Sturla ya ɗaga tire sama.

"Jama'a, wainar rana! Ku ci ku ba da labari."

Kowa ya ɗauka, kowa ya gatsa. Sai aka fara kallon juna.

Mutanenmu ba su iya kushe abincin gidan wani ba, ko guba aka ba su sai sun ce an gode. Tsohon shugaban makaranta ya tauna sau biyu, ya tsaya, ya dubi rufi, ya ce, "To." Matarsa ta ce, "To fa." Mai gidan mai ya haɗiye tasa da kofi kamar ƙwayar magani, idonsa ya kawo ruwa. Kyanwar gidan, wadda ba ta taɓa kula waina ba a rayuwarta, ta dira kan tebur ta kama ɗaya ta ruga da ita bayan kujera.

"Akwai wani ɗanɗano a ciki," in ji matar Ketill a hankali. "Kamar na san shi."

"Sirrin jirgi ne," in ji Sturla. "Ba a faɗa."

"Kamar garkenmu."

Sai Bergljót ta nuna shugaban makaranta da yatsa ta ƙyalƙyale. Leɓɓansa sun yi baƙi. Ya nuna ta shi ma, nata har haɓa. Kowa ya dubi na kusa da shi, hasken ranar da aka yi wata biyu ana jira ya haska bakuna goma sha tara, duk baƙi kamar an lashi gindin tukunya.

Hallbera kaɗai ba ta ci ba. Ta warware tata a faranti, ta ɗaga ta da yatsa biyu ta saita taga. Ko ɗigon haske bai ratsa ba.

"An ce min za a karanta jarida ta ciki. Wannan ko ƙofa aka yi da ita ba mai leƙen ka. Kawo min kaskona."

"Yana hutawa, Mama. Da zafi."

"Sturla."

Ya kawo. Ta karɓa ta ɗora a cinya, ta zaro farin hankici daga hannun riga, ta goga sau ɗaya. Baƙin ya biyo hankici, farin ƙarfe ya bayyana, rana ta daka a kai ta haska mata ido. Ta sake gogawa. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"Shekara sittin da huɗu," in ji ta, "yau na fara ganin fuskata a cikin kaskon nan. Ashe haka na tsufa."

"Ai gyara ne, Mama, in kin lura da..."

"Da me ka wanke shi?"

Sturla ya kama gyara gyalen wuyansa. Ketill, amini na ƙwarai, ya taimaka masa: "Injin kankare kwalekwale."

"Baƙin nan fa?"

"Kashin tumakina ne. Amma na bara, ya bushe sosai."

Mai gidan mai ya tashi ya nufi banɗaki da gudu, a hanya ya yi tuntuɓe da bokiti, ƙullu ya malale har ƙarƙashin kujerar tsohuwa. Falo ya kece da dariya, wasu na tari, wasu na goge harshe da takarda.

Oddný ba ta yi dariya ba. Ta zo ta durƙusa gaban uwarta, ta shafa farin wurin da hannun hagu, hawaye na zuba. Da Sturla ya ga haka sai ya sunkuyar da kai, abin da ba a taɓa gani ba a garin nan. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Bergljót ta gyara zama. "Ni dai Mama, na yafe. Ina da na kanti a gida, ya fi wannan yanzu. A bar wa Oddný abinta."

"Ba ke za ki raba min kaya ba," in ji Hallbera. Ta dubi 'yarta ƙarama, ta dubi surukin. "Kasko zai zauna a gidan nan, don a nan aka kashe shi, a nan za a tashe shi. Share hawayenki, ke. Ƙarfen uwata ne har yanzu, baƙin kuwa suya ce ke kawo shi. Kai kuma, kowace Lahadi za ka soya talatin. Da man shanu. Wadda ta kama, kai za ka kankare ka cinye. Ni zan zauna a nan in ga ka yi."

"Kowace Lahadi? Mama, hanyar dutsen nan da sanyi..."

"Ka yi gaskiya, hanyar ba kyau. Sai in riƙa zuwa tun Juma'a. A kwashe tarkacen kamun kifin nan daga ƙaramin ɗaki a sa min gado."

Oddný ta ɗago kai. Shekara biyu tana roƙon uwarta ta riƙa kwana a gidan, tsohuwa na cewa ba ta son takura wa kowa. Dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka, ta rungume kasko a ƙirji, baƙi ya ɓata mata filasta.

"Har yaushe ke nan?" in ji Sturla da 'yar murya.

"Har ya yi baƙi, ko ɗayanmu ya mutu. Kuma ni likita ya ce lafiyata ƙalau."

Rana ta koma bayan dutse, baƙi suka fara neman takalmansu, kowa na sauri ya je ya ba da labari. Sturla ya raka Ketill bakin ƙofa. Iska ta buge shi, ya ɗan farfaɗo, ya gyara gyalen wuyansa, ya rage murya.

"Ka dai gani da idonka. Kasko ya zauna a gidana, Bergljót ta tafi hannu wofi. Kana tsammani haka kawai abin ya faru? Tun jiya na tsara shi."

"Sturla!" Oddný ce daga ciki. Ya leƙa. Ta ja masa kujera kusa da uwarta, ta tura tire gabanta, ta ajiye cokali mai yatsu. "Tsarin naka saura goma sha ɗaya. Zo ka zauna, Mama na jira ta ga ka fara."